Jan Zoben da Ya Kauce daga Rimin Gana

Cikin ranakun aikina gaba ɗaya, akwai guda da ta ƙi fita daga raina: ranar da muka tura tipar buhunan yashi Garin Maje, alhali jingar Rimin Gana ce ruwa yake ci. Yawancinku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san labarin ba, waɗanda suka sani kuma gutsi-gutsi suka ji shi. Ina wurin, hannuna ne a kan kwamfutar, saboda haka bari in ba ku shi yadda ya faru.

Ga wanda bai san yankinmu ba, jinga tudun ƙasa ce da ake ɗagawa a bakin kogi don ta tare ruwa daga gari da gonaki. A nan ƙasar Haɗeja, idan damina ta yi nisa kuma aka sako ruwan dam daga sama, kogi yakan tsaya sama da daɓen ɗakunan mutane, jingar nan kaɗai ce tsakani. Aikin ofishinmu shi ne lura da ita. Ni da karanta sandar auna ruwa na fara, ina yawo a keke daga mashaya zuwa mashaya. Ban yi nisa a boko ba. Da ƙafafuna suka gaji sai aka dawo da ni ofis, aka zaunar da ni gaban kwamfuta.

Ga yadda tsarin yake a lokacin. Kowane ƙauye na bakin kogi yana da mai gadin jinga, an ba shi waya mai maɓalli guda na gaggawa. Idan ya ga ruwa ya fara huda jinga, sai ya tsaya a wurin ya danna. Nan take kwamfutar ofis za ta yi ƙara, jan zobe ya fito a kan taswirar kogi daidai inda yake tsaye. Idan ka danna zoben da linzamin kwamfuta, sunan mai gadin da na ƙauyensa za su buɗe. Daga nan shugaban sashe, Alhaji Sule, ya ba da umarni, tipa ta tashi da buhunan yashi da ma'aikata. Tipar guda ɗaya ce, ba ta da ta biyu.

Wadda ta haɗa mana manhajar ita ce Injiniya Rahila, 'yar kudancin Kaduna, mijinta yana koyarwa a nan cikin gari. Mace ce mai natsuwa, ba ta ƙosawa da tambaya. Baba take ce mini. A kan ƙaramar kwamfutar ofis ta gina abin, a kanta ta gwada shi, a kanta kuma muka yi aiki da shi tun farkon daminar ba tare da ya taɓa saɓawa ba. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, don haka kullum tana jone a soket ɗin kusurwa inda teburina yake.

Ranar da nake faɗa, cikin watan Satumba ne, ruwa ya kai maƙura. Rahila ta fita da sassafe zuwa Kirikasamma don duba wayoyin masu gadi. Da hantsi sai ga Wakilin Hakimi ya zo ganin halin da ake ciki. Dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ga ciwon gwiwa, da sanda yake tafiya. Aka zaunar da shi a babbar kujera tsakiyar ofis, Alhaji Sule yana yi masa bayani.

Ana cikin haka kwamfuta ta yi ƙara.

Na waiwaya na hangi jan zobe ya fito. Kafin in kai hannu ga linzami, Wakili ya ce, "Ina ne? A nuna mini."

To ga inda al'adarmu ta shigo. Teburina yana kusurwa, kwamfutar ba ta ɗaukuwa. Idan Wakili zai gani, sai ya miƙe ya tako ya sunkuya a kafaɗata, ni kuma ina zaune. Ba a yin haka. Duk wanda ke ɗakin ya san ba a yi. Akwai babbar talabijin da aka kafe a bango ba da daɗewa ba saboda taro, sai Alhaji Sule ya ce, "Isiyaku, sa mana a talabijin."

Na jona wayar talabijin a jikin kwamfutar. Tagar manhajar ta buɗe ta cika bango, kogin ya fito fes da rassansa da sunayen ƙauyuka. Jan zoben yana zaune a kan Garin Maje.

Wakili ya ɗaga sanda ya nuna. "Garin Maje ne. Tun bara nake cewa kwanar nan tasu ba ta da ƙwari. Na faɗa ko ban faɗa ba, Sule?"

"Ka faɗa, ranka ya daɗe."

Kuma gaskiya ne ya faɗa. Kowa ya san raunin kwanar Garin Maje, don haka abin bai zo wa kowa da mamaki ba. Ni kaɗai ne ban gamsu ba. A ɗan hangen da na yi kafin in jona talabijin, kamar zoben ya fi haka yin ƙasa, ya fi haka yin dama. Na kai linzami na danna shi don sunan mai gadi ya buɗe. Bai buɗe ba. Na sake dannawa, shiru. Na ce a raina ko talabijin ce ba ta karɓar dannawa, hangen kuma idon tsufa ne.

Alhaji Sule ya juyo. "Isiyaku, haka ne?"

Babban mutum ya riga ya nuna da sanda, ya kira suna, an amsa masa. Na ce, "Haka ne, Yallaɓai."

Aka gwada kiran mai gadin Garin Maje, wayar ba ta shiga ba. Wannan bai dami kowa ba, don a ƙauyukan nan sai ka hau tudu kake samun sabis. Sani direba ya tashi tipa, ma'aikata suka ɗale baya, suka nufi yamma. Wakili ya yi addu'a ya tafi.

Sai da aka kusa kiran azahar na zare wayar talabijin. Taga ta koma ƙaramin allonta. Na duba, sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Zoben ba ya Garin Maje. Yana can gabas, a Rimin Gana.

Na danna shi. Nan take suna ya buɗe: Kyari, Rimin Gana.

Kyari masunci ne, abokina tun zamanin keke. A gidansa nake cin tuwo duk ranar da aiki ya kai ni can. Na san Rimin Gana kamar gidanmu: gari ne a cikin kwari, kogi ta gabansa, fadama ta bayansa, hanyar fita guda ɗaya a kan jingar kanta. Idan ta ɓalle, ruwa ba zai bar wa tsofaffi da masu goyo lokacin ɗaukar ko tabarma ba.

Da farko na yi wa kaina fatan ko saƙo na biyu ne ya shigo. Na mayar da wayar talabijin, zobe ya koma Garin Maje. Na zare, ya dawo Rimin Gana. Zobe ɗaya ne. Na tsaya riƙe da bakin wayar ina kallon allon.

A haka Rahila ta shigo ta same ni, takalmanta duk laka.

"Baba, lafiya? Ko sukarin ne ya tashi?"

Na nuna mata allon. Na jona, na zare, tana kallo. Ta ajiye jakarta a ƙasa a hankali. Ta karɓi linzamin, ta kama gefen tagar ta ja. Muna kallo taswira tana buɗewa, ƙauyuka suna tafiya dama, zoben kuwa yana tsaye wuri ɗaya, kogin yana zamewa ta ƙarƙashinsa.

"Wa ya sa shi a talabijin?"

"Ni. Wakili ya zo."

"Tipa fa?"

"Ta tafi Garin Maje tun hantsi."

Ta dafa tebur. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Baba, taswirar na ɗaure ta da taga, in taga ta girma ita ma ta girma. Zoben kuwa daga kusurwar hagu ta sama na auna masa wuri, da ma'aunin wannan ƙaramin allon. Kamar tela ne ya auna inda aljihu zai zauna a rigar yaro, sai ya ɗauki awon nan ya kai babbar riga. Aljihun a wuya zai fito. Wurin dannawa ya bi taswira ya tafi Rimin Gana, zanen zoben ya tsaya a baya. Shi ya sa in ka danna shi ba zai buɗe ba."

"Na danna, bai buɗe ba."

Ta dube ni, na dube ta. Muka tafi ofishin Alhaji Sule tare.

Ya saurare mu a tsaye. Da muka gama ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya ɗauki waya ya kira Sani. Sai da aka yi ta gwadawa kafin ta shiga. Sani ya ce sun isa tuni, mai gadin Garin Maje ya rantse bai danna komai ba, amma mutanen gari da suka ga buhuna sun zo har gida sun ce a sauke, ai ba a mayar da alheri. An juye kaya. Wajen juyawa kuma ƙafar baya ta nutse a laka, yanzu haka ana tono.

Ko da ba ta nutse ba, tsakanin garuruwan biyu ruwa ne da ciyawar kacala. Mota sai ta dawo Haɗeja sannan ta ɗauki hanyar gabas. Muka kira Kyari, wayarsa a kashe. Muka kira Bulaman Rimin Gana, ba ta shiga.

Alhaji Sule ya kira Wakili, ya buɗe muryar wayar muna ji. Ya yi bayani yana zaɓen kalmomi. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Me kuke bukata yanzu?" Kafin mu idar da sallah ya sa masu injin casar shinkafa sun tara mana buhunan da babu komai a ciki, ya kuma sa an tanadi kwalekwale mai inji a mashaya. Yashi dai babu. Sai abin da muka tarar a can.

Na ce zan je. Rahila ta ce ita ma. Alhaji Sule ya ce, "Injiniya, kin iya ruwa?" Ta ce, "Ban iya ba, Yallaɓai." Ta riga mu shiga kwalekwalen.

Na yi shekaru ina bin kogin nan, ban taɓa jin tsoronsa kamar ranar ba. Ba tsoron kifewa ba. Tsoron abin da ruwa zai kawo mana ne. Duk abin da ya taso yana yawo sai na miƙa wuya. Ga zana ta wuce. Ga ƙwarya a kife. Ga wani abu baƙi yana juyawa, na riƙe numfashi har muka matso muka ga kututturen giginya ne. Na sani sarai cewa Rimin Gana tana gabanmu, ruwa kuma can yake tafiya, ba daga can yake zuwa ba, amma sanin bai hana zuciyata bugawa ba. Kacala ta toshe mashigi a wurare da dama, sai mai kwalekwale ya kashe inji ya tura da gora. Duk sanda injin ya mutu sai in kasa kunne ko zan ji kururuwa daga gabas.

Rahila tana zaune a kan buhuna, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu, leɓunanta suna motsi. Ni ma nawa suna motsi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, mutum nawa ne a garin?"

Na ce, "Da yawa, 'yata."

Ta ƙara damƙe gefen jirgin.

Bayan la'asar muka sha kwanar ƙarshe. Abin da na fara gani shi ne rimin, sannan rufin masallaci, sannan hayaƙi yana tashi daga wani gida. Hayaƙin nan ne ya kwantar mini da hankali. Inda ake hura wuta, ruwa bai shiga ba.

Mutanen garin gaba ɗaya suna kan jinga. Mata da kwanoni a ka, maza tsirara daga ƙugu zuwa sama, laka har gira. A tsakiya, inda ruwa ya ci, an jera buhuna hawa-hawa, an danne da itace da ƙyauren ƙofa. Ruwa yana tsatsafowa ta ƙasa amma ba ya gudu. Na yi mamakin inda suka sami buhunan yashi. Da na hau na taka ɗaya, sai na ji ba yashi ba ne. Ta wata 'yar huda na ga ƙwayar shanshera, shinkafar da ba a casa ba.

Kyari ya taho yana share fuska da bayan hannu. Ya rame a wuni ɗaya.

"Isiyaku. Kai ne tipar?"

"Ni ne."

"Na danna, ka sani. Na hau nan ina dannawa ina kallon hanya har wayar ta mutu."

"Na gani, Kyari."

"To?"

Na gaya masa, a gaban Bulama da duk wanda ke kusa. Na gaya masa zancen talabijin, da zoben, da amsar da na ba Alhaji Sule. Ya saurara yana kallon buhunan.

Bulama ne ya ba mu sauran labarin. Da rami ya buɗe, duk ƙasar da suka zuba sai ruwa ya kwashe, don babu abin da zai riƙe ta. Buhunan da ke garin duka cike suke da shinkafar rani, abincin da za a ci har kaka ta gaba. Suka jira mota, suka jira. Da ramin ya kai faɗin ƙofa, Kyari ya sauka bai ce wa kowa komai ba, ya shiga ɗakinsa ya saɓo buhu ya jefa. Ya koma ya saɓo wani. Da ya kwashe nasa kaf, sauran suka bi. Shanshera in ta sha ruwa kumbura take, ita ta matse ramin.

Kyari ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. "Wato talabijin ce ta ci shinkafata. Ni da ko kallonta ban taɓa yi ba."

Rahila ta durƙusa a gaban Kyari cikin lakar nan. "Baba, aikina ne ya kauce. Ni na zana shi."

Ya dube ta, ya dubi takalmanta. "Ke ce mai zoben? Tashi, 'yata, kada ki ɓata zanenki. Ga buhu nan kun kawo, riƙe mini baki in zuba."

Haka muka yi ta cika buhuna da ƙasar tudun masallaci muna jerawa a bayan na shinkafar har aka kira magariba. Washegari tipa ta iso. Jinga ta tsaya, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Shinkafar dai ta tafi. Ba a iya zare buhu ko ɗaya ba sai da ruwa ya janye, lokacin kuwa ta riga ta lalace. Wakili ya tsaya aka haɗa wa garin gudummawar hatsi, ta taimaka, amma ba ta kai ba. A ranin shekarar 'ya'yan Kyari maza duka suka tafi ci-rani, abin da ba su taɓa yi ba, ɗaya kuma bai dawo da zama ba har yau.

Rahila ta sake gina zanen daga tushe. Ta daina auna wa zobe wuri daga kusurwar allo. Yanzu da rabon taswirar ake auna shi: in wuri yana tsakiyar faɗinta, zobe yana tsakiya, ko a tafin waya ko a bango. Ta sa duk sanda taga ta motsa a goge zanen a sake shi, zobe da wurin dannawa kuma daga awo ɗaya suke fitowa, ba za su sake rabuwa ba. Ta rubuta sunan ƙauye a jikin zoben, ba sai an danna ba. Sannan ta zaunar da ni ta ce in yi ta jan tagar, in tsawaita, in gajarta, in matse ta har ta koma kamar akwatin ashana, in ga ko zan iya kautar da shi. Na yi iya yina, ban iya ba. Daga nan ne aka kafa dokar da kuka tarar, cewa ba a tashin mota sai an ja taga an ga zobe ya bi garinsa.

Wakili ya sake zuwa bayan ruwa ya sauka. Ya zauna a kujerar nan ya ce da mu duka, "Ni idona na tsoho ne, abin da aka nuna mini shi na gani. In na nuna wuri da sanda, ku duba. Ba raini ba ne." Na sunkuyar da kai, don na san da wa yake.

Abin da na ɗauka daga wannan rana kashi biyu ne. Na farko na masu zane ne: abin da ka gwada a allo ɗaya, allo ɗaya ka sani, kuma ba ka san ranar da wani zai buɗe shi a inda ba ka zata ba, saboda dalilin da ba zai taɓa zo maka a rai ba. Na biyu namu ne masu zama gaban allon. Ladabi ya sa na kai taswira bango, wannan ban yi nadamarsa ba. Amma da na danna abu ya ƙi buɗewa, aikin da kansa ya gaya mini akwai matsala, na zaɓi kada in ɓata wa ɗaki rai. Kalma biyu ta isa a lokacin, a ce a dakata.

Na koma Rimin Gana ana gab da kaka. Tun daga nesa na hangi wani layi kore shar a jikin jinga, daidai inda ramin yake. Shinkafar ce ta tsiro ta cikin buhunan da aka bari a wurin, ta huda su ta fito. Awaki sun hau suna ci. Na ɗaga hannu zan kore su, Kyari ya riƙe ni.

"Bar su," in ji shi. "Ko wani ya ci."